HANJIN AGOGON BAABA

Shafi na 19

"Cire malafar nan."

Kaneng, ƙawar Mufeeda wadda za ta sa kayan a gasar shiga ta yau, ta tsaya a gaban madubi, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan riƙe da waya tana neman inda haske ya fi kyau.

"Haba tela, yanzu fa na saka. Bari in ɗauki ko guda ɗaya, 'yan asibitinmu su san ba allura kaɗai na iya riƙewa ba."

"Kaneng, don girman Allah cire ki ba ni."

Yadda muryar Mufeeda ta fito ne ya sa Kaneng ta sauke wayar. Ta zare doguwar malafar a hankali ta miƙa mata.

Mufeeda ta karɓa da hannu biyu. Ita ta yanka malafar nan, ita ta ɗinka, sati uku tana satar lokaci a shagon abayar da take aiki a unguwar Al Gharrafa, nan Doha. Jiya da safe ta bar gefenta fayau, don mijinta Iliasu ya ce ta bar masa adon, shi zai yi. Yau ga adon. Ƙananan fayafayai masu haƙora guda bakwai, na tagullar gaske, an jera su kamar jinjirin wata an liƙe da gam. A tsakiyarsu wani zagayayyen murfi, mai ɗan lotsawa a baki.

Wannan lotsawar ta sani. Tun tana shekara biyar take sa ɗan yatsanta a cikinta.

Ta sa farce ta ɓanɓaro murfin. Ya taho da zaren malafar a jikinsa. Ta juya cikinsa, ɓangaren da aka kifa don kada a gani.

Haruffa uku, an karta su da tsinin ƙusa. A. M. S.

Ta zauna a kan kujerar keken ɗinki.

"Mufee, lafiya? Kin ga fuskarki kuwa?"

"Agogon Baaba ne."

"Wane agogo? Wanda ya ɓata?"

"Hanjinsa ne a kan malafar nan."

Kaneng ta matso ta leƙa murfin.

Kwana shida ke nan Mufeeda tana neman agogon aljihun mahaifinta. Babu inda ba ta birkice ba a ɗakuna biyun da suke haya a wannan gida na Ain Khaled. Har Corniche, can bakin teku, ta koma cikin rana tsaka, tana bin masu shara tana kwatanta musu, ko ya faɗi ranar da suka fita shan iska. Iliasu ne ya kai ta. Shi ya riƙe mata lema.

Ƙofar ɗakin aikin ta buɗe, zafin waje ya shigo tare da shi. Gumi ya jiƙa masa riga, makullin mota a hannu.

"Yalla, yalla, ku yi sauri, mata. Na gama loda kaya. Ƙarfe huɗu za a rufe rajistar gasa, ku kuna nan kuna..."

Idonsa ya sauka a kan murfin da ke tafin hannunta. 

Mufeeda ba ta ɗago ba.

"Iliasu."

Shekara biyu da aurensu, ba ta taɓa kiran sunansa kai tsaye ba. Injiniya take ce masa, tun ranar da ya zo gyara musu esi, na'urar sanyaya ɗaki, a shago ya tarar da ita tana zana jirgin ƙasa mai fukafukai a bayan takardar awo.

"Mufee, ki tsaya in miki bayani."

"Ina jinka."

Kaneng ta soma kwance ɗamarar fatar da ke ƙugunta. "Bari in jira ku a mota."

"Zauna," in ji Mufeeda. "Ke ma kina da haƙƙi a maganar nan."

Iliasu ya share gumi da bayan hannu. Ya dubi malafar, ya dubi ƙasa.

"Ban ɗauka don in ɓata ba, wallahi. Ranar Asabar bayan kin tafi aiki na ɗauko. Cewa na yi in buɗe, in auna fayafayan, in yanko irinsu a faifan tagulla. Minti goma in mayar. Ina sa sukudireba, wani siririn sifirin kamar gashi ya yi tsalle ya nannaɗe. Na ja shi in warware, ya tsinke."

"Sai ya tsaya."

"Sai ya tsaya."

"Ranar Asabar ke nan. Yau Juma'a."

"Na yi ta ƙoƙarin mayarwa. Kwana uku ina fama a cikin mota lokacin hutun rana. Kowane ɗaya na ciro, sai biyu su biyo shi. Na kai wa mai gyaran agogo a kasuwa, ya ce an daina yin irin wannan tun kafin a haife shi. Har hotonsa na saka a guruf ɗin mazan Zango, 'yan uwanmu na Kumasi da ke nan, na ce ko akwai wanda ya san tsofaffin agogunan reluwe."

"Mazan Zangon Doha duka sun san inda agogona yake. Ni kaɗai ce ban sani ba."

Ya sunkuyar da kai, ta ci gaba.

"Ranar Lahadi kai ka ɗaga min katifa."

"Mufee..."

"Ka ɗaga min katifa, ka ce in duba ta bayan gado da kyau. Na kwanta rubda ciki a ƙasa ina haskawa da waya. Kana tsaye a kaina. A ina yake lokacin?"

"A akwatin kayan aikina."

Ta gyaɗa kai kamar wadda aka faɗa wa farashin yadi. Hawayen ba su zo ba tukuna, kuma hakan ya fi tsorata Kaneng.

Mufeeda ta juyo gare ta.

"Ki yafe min."

"Ni kuma? Me kika min?"

"Ke ce mutum ta ƙarshe da ta shiga ɗakin kwananmu. Ranar da na gwada miki rigar nan. Na faɗa masa cewa zuciyata tana raya min abu a kanki, na ce ya min faɗa in daina. Kin san abin da ya ce?"

Kaneng ta tsaya da ɗamarar a hannu.

"Cewa ya yi, mutum ba a iya masa, a bar wa Allah."



Kaneng ta yi wata dariya marar daɗi. "To. Shi ya sa gwaten da na kawo miki ranar Talata kika ce kina azumi."

"Ba azumi nake ba."

"Na sani. Na ga kofin shayi a kan keke." Ta juya wajen Iliasu. "Oga, ni da nake fitowa daga aikin awa goma sha biyu in zo in tsaya muku kamar gunki kuna soka min fil a jiki. Ni ka bari aka ɗora wa sata?"

"Sista Kaneng, ban ce ke kika ɗauka ba."

"Ba ka ce ba ni ba ce."

Ya koma kan matarsa, yana magana da sauri kamar mai gudun kada a tare shi.

"Kin manta bara? Kin manta yadda matar nan mai alƙalanci ta ƙwanƙwasa adonmu da biro a gaban kowa? Roba ce da fenti, ta ce wannan kayan wasan yara ne, ba steampunk ba, ba shigar zamanin tururi ba. Mutane suka yi dariya. Kika yi kuka tun daga wajen har gida. Na rantse a raina bana ba za a maimaita ba. Abin nan tagulla yake so ta gaske, da fata, da tsohon ƙarfe mai tarihi. Da na ga agogon ya riga ya mutu, na ce to gara a gan shi. Na ce in muka ci, sai in kama hannunki in ce miki Baaba ne ya ci mana."

"Ka ce gara a yi ado da gawa."

"Subhanallahi, ba haka nake nufi ba."

Ta miƙe tsaye da malafar a hannu.

"Shekara uku muna wannan abu tare, tun kafin aure, ashe ba abu ɗaya muke yi ba. Kai tagulla kake gani. Ka ɗauka duk wanda ya liƙa faifai mai haƙora a hula ya gama."

"Haka kowa yake yi a wajen."

"Shi ya sa rabinsu ba su san me suke yi ba. Tambaya ce fa guda ɗaya, Iliasu. Da a ce zamanin tururi bai ƙare ba, yaya duniya za ta kasance? Mutane ne da suka gaji da waya da ba a iya buɗewa, da mota da sai kwamfuta ta faɗa maka ciwonta. Suna kewar injin da za ka ɗaga murfinsa ka ga zuciyarsa tana bugawa, in ya yi ciwo ka sa hannu ka yi jinyarsa. Kewa ce. Kayan da muke sawa, kewar muke sa wa riga." Ta ɗaga malafar. "Ni ina da injin da ke bugawa da gaske. Guda ɗaya tak. Ka kashe mai rai ka yi wa marar rai kwalliya."

Ta sauke malafar, ta ci gaba.

"Kuma ka san dalilin rigar nan. Duk wanda ya zo gasar nan, Bature mai sanda yake zama, ko matar Bature mai lema. Babu mai zama wanda yake tsaye a bakin wuta. Baaba ya yi shekara goma sha ɗaya yana zuba kwal da shebur tsakanin Takoradi da Kumasi, gashin hannunsa bai sake fitowa ba har ya mutu. Kullum ana ce masa baɗi zai zama direba, har aka daina jirgin tururin bai zama ba. Na ce ni a tawa duniyar ya zama. Na ɗinka rigar mai zuba kwal, na ɗora mata malafar manya. Shi ke nan abin da na roƙa. Ban ce ka yanka shi ka ɗora a kai ba."

Kaneng ta dubi rigar da ke jikinta, baƙar rigar aiki mai maɓallan ƙarfe da tabon kwal da aka yi da gangan a hannuwa. Ta daina ƙoƙarin cirewa.

Iliasu ya durƙusa a gabanta, gwiwa biyu a ƙasa.

"Zan nemo miki wani. Irinsa sak. Ko a ina yake a duniya."

"Irinsa."

"Ko a gyara wannan. Akwai masu yi a ƙasashen waje, na bincika."

"Ƙarfe nawa yanzu a Kumasi?"

Ya ɗago a rikice. "Na'am?"

"Ƙarfe nawa a Kumasi?"

Ya laluba aljihu ya ciro waya. "Uku da kwata a nan, a cire awa uku, sha biyu da..."

"Ka ga? Sai ka yi lissafi."

Yanzu hawayen suka zo, ba ta share ba.

"Ranar da Baaba ya rasu ina ɗinka hannun abaya. Kafin kafil, uban gidana na aiki, ya sa hannu a takardar hutuna an riga an rufe shi. A waya na ga kabarin. Mma ta naɗe agogon nan a hankicinsa ta ba wa mai zuwa ya kawo min, yana tafiya, bai tsaya ba. Hannun Baaba ne ya murɗa shi da safen ranar da ya mutu, Mma ta ci gaba, mai kawowa ya ci gaba, ni na karɓa. Kullum bayan asuba murɗi goma sha biyu, ba a ƙarawa, haka ya koya min. Ban taɓa gyara shi zuwa lokacin Doha ba. In na duba na ga ƙarfe bakwai, na san yana zaune a bakin ƙofa da kokonsa da ƙosai. In na ga ɗaya, ya tafi masallaci. Bai taɓa tsayawa ba tun daga hannunsa, Iliasu. Ni a wajena ba a binne shi ba sai ranar Asabar ɗin nan."

Iliasu ya kifa kansa a gefen keken ɗinki. Kafaɗunsa suna rawa.

Ba ta taɓa shi ba. Ta jawo akwatin zare, ta ciro matsefata, ta ɗauko ƙaramin farantin da take zuba fil ta juye shi. Ta zauna ta ɗora malafar a cinya.

"Wane gam ka sa?"



Kaneng ta ɗauko ƙaramin bututu daga kan tebur ta duba. "Mai kamawa nan take ne."

Mufeeda ta sa bakin matsefatar a ƙarƙashin faifai na farko. Ya fito da ƙyar, gam ya cike tsakanin haƙoransa ya daskare fari fat. Ta ajiye a faranti. Na biyu. Na uku. Kaneng ta durƙusa ta riƙe mata malafar don kada ta motsa, ba wanda ya ce ta yi.

Na huɗun shi ne siririn, mai ɗan jan dutse a cibiya. Shi ne wanda Baaba yake nuna mata in ya buɗe murfi, yana kai da komo ba hutawa. Yakan ce, kin ga wannan, shi ne mai zuba kwal na cikin agogo, shi yake wahala, allura take shan kallo.

Ta ja shi a hankali. Ta ja da bismillah.

Ya lanƙwashe, sannan ya rabu biyu. Rabi a bakin matsefata, rabi a jikin malafa.

Ta daɗe tana kallon rabin.

"Khalas, shi ke nan," ta ce, can ƙasa.

Ta ɗauki malafar, duk ta yage a gefe, ta ajiye a gaban gwiwoyin mijinta.

"Ga ta. Je ka gasarka, da sauran lokaci."

"Ba inda za ni ba tare da ke ba."

"Ina gidan agogon, da fuskarsa, da sarƙar?"

"Suna mota."

"Ka kawo min. Sannan ka kai ni wajen Kaneng, in za ta karɓe ni bayan abin da na zarge ta da shi."

Kaneng ta ja tsaki tana share ido da hannun rigar. "Ji wata magana. Gwaten ma yana nan a firji yana jiranki, sai kin cinye shi tas."

"Mufee, kwana nawa?" Iliasu ya tambaya.

"Ban sani ba. Ba ni da agogo."

Ƙararrawar ƙofar gida ta buga.

Babu wanda ya motsa. Aka sake dannawa, wannan karon aka riƙe.

Iliasu ya miƙe yana goge fuska da gefen riga, ya fita. Mufeeda ta ji buɗe ƙyaure, ta ji sallama da murya mai kauri, Hausar Zango tsantsa irin ta tsofaffin Kumasi. Ta ji mijinta yana cewa yau ba lokacin baƙi ba ne. Ta ji an ce masa, "Ba wajenka na zo ba."

Mutumin da ya tsaya a bakin ɗakin aikin zai yi shekara hamsin da 'yan kai. Dogo ne, furfura a gemu, rigar direbobin bas a jikinsa da alama daga aiki ya wuto. Bai kalli Kaneng da shigarta ba, bai kalli tarkacen tagulla da bututun da suka cika ɗakin ba. Farantin da ke cinyar Mufeeda ya kafa wa ido.

"Ke ce 'yar Mudasiru? Mudasiru na reluwe?"

Ta gyara mayafi. "Ni ce, Malam. Ka san shi ne?"

"Sunana Rashad. Na ga hoton da maigidanki ya saka. Kwana biyu ina tambayar gidan nan." Ya miƙo hannu. "Murfin ciki, akwai haruffa uku?"

Ta damƙe murfin a tafinta. "Akwai. Baaba ya ce alamar kamfanin Turawa ce."

"Turawa ba sa rubutu da ƙusa, 'yata."

Ya zaro wani tsohon hoto daga aljihun gaba, baƙi da fari, gefensa duk ya cinye. Wani mutum ne tsaye a jikin injin jirgi, da hular direba, sarƙa ta sauko daga maɓallin rigarsa zuwa aljihu. A bayansa, can cikin inuwar injin, wani saurayi riƙe da shebur. Ko a cikin barci aka tashe ta, Mufeeda za ta gane wannan tsayuwar ta Baaba.

"Abdul-Majeed Salifu," in ji baƙon, ya ɗora yatsa a kan mai hular. "Mahaifina. Direba ake ba wa agogo, ba a taɓa ba wa mai zuba kwal ba. Ki tambayi duk wanda ya yi aikin."

Mufeeda ta sauke farantin daga cinyarta, ta ajiye a kan keke.

"Ina da shekara tara aka sauko da gawarsa daga kan injin nan, aljihunsa babu komai. Uwata ta mutu tana tambayar inda agogon ya shiga." Yatsansa ya matsa zuwa kan saurayin mai shebur, ya tsaya a nan. "Mutum biyu ne kacal a kan injin ranar. Ɗaya ya sauko da ƙafarsa."